Liyari Ba Kuɗin Rumawa Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin 'yan makaranta, har da waɗansu malamansu, wai liyarin nan na azurfa da tsofaffin matan Gyallesu da na cikin birni su ke ajiyewa a ƙasan adaka kuɗin Rumawan dā ne. Hujjarsu rubutun Latin da ke kewaye da shi. Haruffan kam sun karanta daidai, fahimtar ce ta karkace.

Lalle an rubuta R. IMP., watau Sarauniyar Rumawa. Amma laƙabi ne na aro, wanda gidan sarautar Ostiriya ya riƙe bayan Rum ta daɗe da rushewa. Matar da ke jiki Mariya Tarisa ce, ta rasu cikin 1780. Kada kuma lambar nan ta 1780 ta ruɗe ku. Tun rasuwarta ba a sāke ta ba, domin fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha ba su yarda da wanda ya bambanta da wanda su ka sani. Har a Landan an yi ta buga shi daga 1936, da wannan tsohuwar lamba. Ashe ya yiwu kakarka ta girmi liyarinta! Dillalin da ya tsawwala kuɗi saboda lambar, to, zanen lamba kurum ya sayar maka.

Kuɗin azurfa na Rumawa na ainihi sunansa dinariyus, an fara buga shi wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗan mitsitsi ne kamar sisi. Na zamanin Kaisarori bai kai giram 4 ba, liyari kuwa giram 28 ne. Da guduma aka buga shi ɗaya ɗaya, saboda haka bai kewayu sosai ba, sau da yawa ma hoton ya kan zame gefe guda. Ba shi da shekara irin tamu a jiki. Masana su kan gane lokacinsa ne daga sunan sarki da jerin muƙaman da aka zana masa, aikin da ke son haƙuri ƙwarai.

Abin da ya ba ni haushi, masu neman Rum a cikin adaka sun bar ta a bakinsu. Daga dinariyus Larabawa su ka sami dinari, daga dinari kuma, in ji masana harshe, mu ka sami zinariya. Harafin d da a ke rubutawa bayan kwabo a darasin lissafi, har zuwan naira cikin 1973, shi ne farkon wannan suna.