Waƙa Ce Ta Sayar Da Fim, Ko Kuɗin Auduga?

Mai karatu, in kana shirin jarrabawar JAMB ko ta neman aiki, ka san irin tambayar nan da ake ba ka ɗan labari, a ce ka zaɓi abin da labarin ya tabbatar. To ga wata daga harkar fim, mu gwada ƙwaƙwalwa.

A ce a zamanin kaset wani furodusa ya saki fim mai waƙa biyar a watan Disamba. Dillalan Funtua da Malumfashi suka sayar da shi ƙaf. Sai gogan naka ya bugi ƙirji ya ce, "Kun gani ko? Waƙa ce ke sayar da fim!" Shin hujjarsa ta zauna?

Kada ka yi saurin cewa e. Tambayi kanka, me kuma ke faruwa a yankin a wannan wata? Ai kaka ce. An cire auduga an kai ma'auna, masara da dawa sun cika kasuwar Dandume da ta Bakori. Manomi na da 'yan kuɗi a aljihu, ga bukukuwan aure ko'ina. A irin wannan lokaci ko fim marar waƙa yana iya shiga. Don abu biyu sun zo tare, ba lallai ne ɗaya ya haifi ɗayan ba. Zakara yana cara gari ya waye, amma ba shi ke kawo asuba ba. In furodusan yana son mu yarda, sai ya kawo mana finafinai masu waƙa da marasa waƙa da suka fito lokaci guda, mu ga cinikin kowanne.

Irin wannan gaggawar aka yi bayan Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwa a 1999. Kowa ya ruga situdiyo neman waƙa, aka manta cewa akwai labarin baiwa da ɗan sarki, akwai kuma wasan Fati Mohammed da Ali Nuhu.

Ga tambaya ta biyu. Da kasuwar faifai ta durƙushe, wasu suka ce Bahaushe ya daina kallon fim. Duba da kyau: abin da hujjar ta nuna shi ne ya daina sayen faifai, shi ke nan. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, jama'a suka rungumi Daɗin Kowa. A 2020 Izzar So ya fito a YouTube, matasa suka bi shi a wayoyinsu. Dukkansu kuwa labari ne jarinsu, ba rawa da waƙa ba.

Saboda haka ranar jarrabawa, kafin ka zaɓi amsa, ka nemi dalilin da ba a faɗa maka ba, kada kuma ka ɗora wa hujja kayan da ba ta ɗauko ba. In ka kuskure, maki kaɗan ka rasa. Furodusan da ya kuskure kuwa, gonar gado yake sayarwa ya biya bashi.