Digiri Ba Horo Ba Ne: Sharhi a Kan Tanadin Koyar da Ƙananan Malaman Hausa Aikin Koyarwa a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi wa gyare-gyare a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, ta tanadi cewa malaman manyan makarantu su ma su sami horo a kan dabarun koyarwa. Wannan maƙala za ta auna wannan tanadi da abin da ake aikatawa, musamman ga ƙaramin malami, wato wanda sashe ya riƙe da digirin farko domin ya taimaka da koyarwa yana karatun digiri na biyu. An ɗauki yankin Jiwa na Birnin Tarayya a matsayin ma'auni, saboda irin Hausar da ɗalibansa suke zuwa da ita aji.

2.0 Inda Tanadin Ya Tsaya

Hukumomi uku ne abin ya rataya a wuyansu. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce Doka ta 16 ta 1985 ta ba ikon gindaya mafi ƙarancin ƙa'idar karatu. Ta fitar da kundin ƙa'idojin a 1989, ta sabunta shi a 2007, sannan a Disambar 2022 ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta. Duk waɗannan kundaye sun fi ƙarfi a kan abin da za a koyar da kuma takardun shaidar mai koyarwa. Yadda za a koyar kuwa, an bar wa malami da Ubangijinsa.

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a gurbin asusun ilimi na 1993, ya kashe maƙudan kuɗi wajen tura malamai neman digiri na biyu da na uku da halartar tarurruka. Wannan aiki ne abin yabo, sai dai ya ƙarfafa wani zato da ya daɗe, cewa wanda ya yi zurfi a fage ya iya koyar da shi ke nan. Ita kuwa Hukumar Rajistar Malamai, wadda Doka ta 31 ta 1993 ta kafa, hanyar da ta fi nuna wa mai digirin da ba na ilimi ba ita ce babbar difilomar koyarwa. Amma wannan difiloma ɗinkin makarantar sakandare ce. A can ake yin gwajin koyarwarta. Ba ta shirya mutum ya tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lacca ba, ko ya duba kundin kammala digiri.

Sai kuma ƙarin girma. Kowa ya san maƙalu ake ƙirgawa. Ƙaramin malami ba wawa ba ne. Inda ya ga ana awo, nan zai kai hatsinsa.

3.0 Ɗalibin Jiwa a Ajin Nahawu

Illar wannan giɓi ba ta fitowa sosai a Kano ko Sakkwato, inda malami da ɗalibi suka sha Hausa a nono ɗaya. A wuri irin Jiwa take bayyana. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, maƙwabcin Gwagwa da Karmo da Dei-Dei. Tun da aka ƙirƙiri Birnin Tarayya a 1976, aka kuma dawo da gwamnati a Disambar 1991, waɗannan garuruwa suka cika da baƙi daga kowace kusurwa, ban da Gbagyi da Gwandara da Hausawan da aka tarar a yankin. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, amma ga yara da yawa ba ita ce ta cikin gida ba.

Idan irin wannan ɗalibi ya rubuta "rigan Audu" maimakon "rigar Audu", ko "yarinya ya zo", ƙaramin malamin da ba a horar ba jan biro kawai zai sa ya wuce, wataƙila har da dariyar da za ta hana yaron sake buɗe baki a aji. Alhali kuwa kuskuren iri-iri ne. Wani karin harshe ne, domin an san Hausar Zazzau da ta Bauci suna sassauta bambancin jinsi. Wani tasirin harshen uwa ne: Gwandara, duk da ita ce mafi kusanci da Hausa a dangi, ba ta da jinsin nahawu, haka ma Gbagyi. Wani kuma Hausar kasuwa ce da aka tsinta a kunne. Maganin kowanne daban ne, kuma rarrabe su ƙwarewa ce da ake koyo. Digirin girmamawa na ɗaya ba ya ba da ita.

Haka lamarin yake a karin sauti da tsawon wasali. Bahaushe yana bambanta kuka ta miya da kuka na hawaye, da gari na mutane da gari na tuwo, ba tare da ya san yana yi ba. Aikin malami shi ne ya farkar da shi. Ɗan koyo kuwa sai an fara gina masa bambancin a kunne. Malamin da ya haddace giredojin aikatau na Parsons (1960) da rabe-raben Galadanci (1976) yakan karanta wa aji littafin rubutun da shi ma aka karanta masa, ya ɗauka ya sauke nauyi. Abin takaici, littattafan da suka fi kula da ɗan koyo, irin na Kraft da Kirk-Greene (1973) da na Cowan da Schuh (1976), an rubuta su ne don Turawa, kuma ba kasafai ake nuna wa ƙaramin malami hikimar jeranta darussansu ba. Ɗaliban da suka fito daga irin wannan aji su ne gobe za su koyar da Hausa a sakandaren Jiwa, inda manufar ilimin ta 2004 ta so yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan ƙasa uku.

4.0 Abin da Ake Iyawa

Ingila ma ta jima a wannan hali. Rahoton Dearing na 1997 ne ya nemi a riƙa horar da malaman jami'a, kuma daga bisani jami'o'i da dama a can suka sa wa sabon malami sharaɗin kwas na koyarwa kafin a tabbatar masa da aiki. Amma ba lallai a je nesa ba. A tsangaya ba a sakar wa gardi ƙolaye haka kawai; yana biya musu allo ne malam na zaune yana ji, in ya karkace a miƙe shi. Sassan harsunan Nijeriya sun taɓa yin kusan haka a lokacin da darasin ƙaramin rukuni yake raye, ƙaramin malami yana tattauna laccar babba da ɗalibai kaɗan. Cunkoson ɗalibai da ƙarancin ma'aikata suka kashe shi, aka wayi gari ana damƙa wa sabon ɗauka kwas sukutum.

Mai musu zai ce manyan malaman su ma ba a horar da su ba, kuma lokacinsu ya ƙure. Gaskiya ne, amma abin da ake nema bai kai a kira shi nauyi ba: zango ɗaya ƙaramin malami yana zama a ajin babba, babban ya zauna a nasa sau biyu ko uku ya rubuta abin da ya gani, su kuma duba takardun jarrabawa tare. A ƙara da kwas guda na koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu a karatun digiri na biyu, a tura mai yinsa makaranta irin ta Jiwa ya tattaro kurakuran ɗalibai ya rarrabe su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Hukumar sashe da majalisar dattawan jami'a sun isa su zartar.