Jinjina Ga Masu Horar Da Direbobin Jirgin Alƙahira

Tun 1987 jirgin ƙarƙashin ƙasa ke kaiwa da komowa a Alƙahira, shi ne na farko a Afirka. Kowa direba yake yaba wa; ni kuwa malaminsa nake jinjina wa, mai yin kunnen basira in ɗalibi ya dawo daga aiki ya ce, "Malam, littafin koyarwar nan naka bai san tashar Shuhada gab da shan ruwa ba." Lokacin ne jama'a ke turereniya, wani ya tokare ƙofa da kafaɗa, jakar wata ta maƙale. Malamin kirki ba ya jin haushi. Biro yake zarowa, ya soke layin da shi da kansa ya rubuta, ya ce, "To, yaya ka yi da ƙofar?"