Zanen Yariman Aumale da Kaburburan Maijirgi

A fadar Versailles ta ƙasar Faransa akwai wani zane mai tsawon mita 21 da tsayin kusan mita 5, wanda Horace Vernet ya kammala a shekarar 1845. Zanen yana nuna ranar 16 ga Mayu 1843, lokacin da Yariman Aumale, ɗan Sarki Louis-Philippe, ya afka wa zangon Amir Abdulƙadir na Aljeriya a Taguin da mahaya kimanin 500. Yariman yana da shekara 21 a lokacin. Mai zanen ya ɗora shi a kan farin doki, cikin natsuwa, alhali kewaye da shi tantuna na rushewa, garke na watsewa, raƙuma ɗauke da mata na tuntuɓe.

Ba a musun gwanintar Vernet. Ya san doki, ya san ƙura, ya kuma san yadda ake jan idon mai kallo daga wannan gefe zuwa wancan har ya ji kamar shi ma yana cikin sukuwar. To amma gwaninta daban, gaskiya daban. Vernet bai halarci wannan hari ba. Abdulƙadir kansa ba ya zangon a ranar, kuma bai miƙa wuya ba sai a 1847. Mafi yawan waɗanda aka kama mata ne da yara da tsofaffi da masu hidima. Sarkin da ya ba da aikin zanen shi ne uban wanda aka zana. Ke nan abin da ke jikin bangon kirari ne da aka yi da launi. Sai dai maroƙin fada kowa ya san wanda ya ba shi riga, don haka ake sauraronsa da rangwame. Shi kuwa zane yana fakewa ne da karin maganar nan ta gani ya kori ji, har mai kallo ya ɗauka shaida ya gani da idonsa.

Babban aibin zanen yana cikin abin da ya ɓoye. A shekarar da aka baje shi ga jama'ar Paris, wato 1845, Kanar Pélissier ya hura wuta a bakin kogunan Dahra, hayaƙi ya kashe ɗaruruwan mutanen da suka ɓuya a ciki. Yaƙi ɗaya ne da wanda Vernet ya ƙawata, amma hayaƙin Dahra bai sami bango a Versailles ba. Darasin da irin wannan zane yake koya wa matashin hafsa shi ne cewa Afirka fili ne na neman suna, mutanenta kuwa adon gefe ne.

Mutanen ƙasar Tasawa da Mayahi sun ga inda wannan darasi yake kaiwa. Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine, wanda mahaifinsa janar ne da ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a 1898, sun riga sun yi suna da cin Wagadugu a 1896. A 1899 suka ratso ƙasar Hausa da nufin isa tafkin Cadi. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, suna tafe suna ƙone garuruwa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe ragamar rundunar. Kwana biyu bayan haka sojojinsu baƙar fata suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet, aka binne su a Maijirgi. Abin lura shi ne, jinin Klobb ne ya fi girgiza Paris, ba na dubban talakawan da suka riga shi ba. Sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata.

Martanin da ya fi ƙarfi ga irin zanen Vernet daga nan gida ya fito. Abdoulaye Mamani ya buga littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar lambar FESPACO a 1987. Su biyun sun juya tsarin hoton: wadda da za a ajiye a gefe ita ce a tsakiya. Duk da haka, adalcin nazari ya wajabta a faɗi cewa su ma kirari suka yi, domin Sarauniyar littafi ta fi ta tarihi girma, kuma manomin da aka ƙone wa rumbu har yanzu bai sami fuska ba.

Saboda haka bai kamata malamai su kawar da wannan zane daga aji ba. Abin da ya dace shi ne a ajiye shi gaban ɗalibai tare da tambayoyi uku: wa ya biya kuɗin aikin, wa aka sa a tsakiya, wa aka bari a waje? Sannan ƙungiyoyin al'adu su tura matasa Maijirgi da Dankori da Ƙonni, su naɗi abin da dattawa suka ji daga kakanninsu, a rubuta shi da Hausa. Ɗalibin da ya ajiye wannan ruwaya kusa da farin dokin Yariman Aumale zai iya karanta kowane hoton mai mulki da zai gani a rayuwarsa.