Tsokaci a Kan Yadda Masu Gyaran Wikipedia Suke Auna Littafin da Ake Jayayya a Kansa

Manufar wannan takarda ita ce duba wata matsala da takan taso wa masu gyaran Wikipedia, watau kundin ilmin nan na intanet da aka kafa a 2001, idan suka haɗu domin rubuta bayanin littafin da ya jawo gardama. Misalin da na ɗauka shi ne Twilight in the Desert, ma'ana Almuru a Hamada, wanda Matthew Simmons, wani mai bankin zuba jari a harkar mai a Amurka, ya fitar a 2005.

Simmons ya nazarci takardun injiniyoyin mai fiye da 200, sa'an nan ya ce manyan filayen man Saudiyya sun tsufa, musamman Ghawar da aka gano a 1948, kuma ruwan da ake ɗurawa ƙarƙashin ƙasa don ya turo mai sama shi yake rufa wa tsufan asiri. Kamfanin Aramco ya ƙaryata shi.

Masu gyaran kundin suna da ƙa'idoji uku: kada a goyi bayan kowane ɓangare, kowace magana ta dogara da abin da aka riga aka buga, kuma kada mai gyara ya shigo da binciken kansa. Ba na raina su. A 2007 aka tono cewa wani ya yi amfani da kwamfutar kamfanin ExxonMobil ya sassauta bayanin malalar man jirgin Exxon Valdez ta 1989, kuma irin waɗannan ƙa'idoji ne makamin korar ɓarna irin wannan. Amma a ganina, idan aka zo kan littafi kamar na Simmons, sukan karkatar da mai gyara ba tare da ya sani ba.

Dalili kuwa shi ne littafin yana ɗauke da abu biyu, hasashe da tambaya. Hasashen ya faɗi warwas. A 2005 Simmons ya ƙulla caca da John Tierney na jaridar New York Times, dala 5,000 kowane ɓangare, cewa matsakaicin farashin ganga zai kai dala 200 a 2010. Farashin ya tsaya wajen dala 80, shi kuwa ya rasu a watan Agusta na shekarar. Wannan labari ne mai daɗin kafa hujja, ga shekara, ga adadi, ga jarida.

Tambayar fa? A ƙarshen shekarun 1980 Saudiyya ta ɗaga adadin man da ta ce tana da shi a ƙasa daga kimanin ganga biliyan 170 zuwa sama da biliyan 250, adadin ya zauna wajen biliyan 260 shekara da shekaru alhali kullum ana ɗiba. Simmons ya ce wa ya tabbatar? To, mai gyaran da ya nemi madogara a kan wannan adadi, duk inda ya bi sawunsa sai ya koma ga hukumomin ƙasar da kamfanin. Ke nan wanda ake tuhuma shi ne ya zama shaida, an kuwa ajiye maganarsa kafaɗa da kafaɗa da ta mai tuhuma da sunan adalci.

Shekarar 2019 ta ƙara dagula lissafin. A Janairu binciken kamfanin DeGolyer and MacNaughton ya nuna kimanin ganga biliyan 268, abin da ya saɓa wa Simmons. A Afrilu kuma takardar neman rancen Aramco ta bayyana cewa iyakar ƙarfin Ghawar ganga miliyan 3.8 ne a rana, ba miliyan 5 da aka daɗe ana faɗa ba. Duk mai karatun littafin yana bukatar sanin waɗannan biyun. Sai dai mai gyaran da ya ɗinke su da littafin bisa fahimtarsa, in ba wani marubuci ya riga ya ɗinke su a rubuce ba, ya taka ƙa'ida ta uku, kuma abokan aikinsa suna da ikon share abin da ya rubuta.