Littafi na Biyu: Nazarin Magana Jari Ce daga Sabon Ibadan

Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, fataken goro da na shanu suka raya ta, kuma har gobe abin karatun Hausa daga Arewa yake zuwar mata, a da cikin kayan matafiya, yanzu ta waya. Don haka mai karatu a Sabo ya san ɗacin littafi mai kashi-kashi: na ɗaya ya shigo hannu, an cinye shi a dare guda, na biyu kuwa sai an jira. To, me ake jira a cikinsa?

Amsar tana wajen Alhaji Abubakar Imam. A 1936 ya zauna a Zariya tare da Dokta Rupert East, aka tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Gabas, ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku daga 1937 zuwa 1939. Akun da ke tsare mutum da labari kowane dare tsohon zance ne a Indiya da Farisa. Imam ya ɗauko shi ya ajiye a fadar Sarki Abdurrahman, ya ba shi aikin hana Musa, ɗan sarki, fita daga gida alhali Waziri ya ɗana masa tarko. A littafi na ɗaya, ke nan, labari ceton rai ne. In aku ya yi shiru, Musa ya halaka.

Da makircin ya tonu, aka naɗa aku Waziri, ai zance ya ƙare. Marubuci mai gajeren tunani da sai ya ƙirƙiro wani mugun wazirin, a sake komawa gidan jiya. Imam sai ya canza dalilin ba da labarin ɗungurungum. A littafi na biyu gasa ce tsakanin Waziri Aku da Haziƙ, akun Sarkin Sirika: wannan ya kawo nasa, wancan ya mayar da wanda ya fi shi, jama'a suna saurare. Mai karatu ya tashi daga mai fargaba ya koma alƙali, yana auna wane ne ya fi iya baki. A na uku kuma aku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar, yana yi masa gyara.

Aron ma ba a yi shi da ka ba. Dubi Kalala da Kalalatu. A tatsuniyar Jamus ta 'yan'uwan Grimm, kuku ce ta cinye kajin maigidanta. Imam ya mai da ita matar aure, nan take kunyar ta zama ta gida: miji ya gayyato baƙo, yana can yana wasa wuƙa, matar ta riga ta lashe kajin, ta raɗa wa baƙo cewa wuƙar dominsa ake wasawa. Baƙo ya ari na kare, matar ta ce wa miji ai baƙo ya gudu da kajin, miji ya bi shi da wuƙa tsirara yana roƙon a bar masa ko guda. Duk wanda ya san nauyin baƙo a gidan Bahaushe, balle a Sabo inda saukar baƙi sana'ar masu gida ce tun zamanin fatauci, ba zai ji ƙanshin Jamus a wannan labari ba.

Da wannan mudu nake auna littattafan yaƙi da aljanu da ke fitowa daga Kano kashi-kashi, waɗanda samarinmu ke karantawa ko saurare a YouTube. Akwai masu daɗi ƙwarai a cikinsu, kuma sun riƙe matasa a kan karatun Hausa. Sai dai da yawa ana datse su ne daidai inda aka zare takobi, a ce mu haɗu a littafi na biyu, in ka je can ka tarar da jarumin jiya da yaƙin jiya, an dai ƙara wa aljanin kawuna. Wannan yankan ciniki ne, bai kai a kira shi ci gaba ba.

Iyaye da malaman Sabo, yaranmu suna jin Yarbanci a titi, Turanci a makaranta, Hausa kuwa sai ta ciniki da gaisuwa. Ku nemo musu Magana Jari Ce duka ukun, kada a tsaya a na ɗaya.