Kogo a Ƙagaggun Labaranmu

Tun daga littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, marubutanmu suka saba haɗa doguwar tafiya da aljanu. Magabata sun yi daidai da zamaninsu. Abin takaici, 'yan baya sun gaji aljanin, sun yar da tafiyar. Da zarar tauraro ya doshi kogo, mai karatu ya san abin da ke ciki: in ba Sarkin Aljanu ba, tulin zinariya. Ba haki, ba santsi, ko warin kashin jemage babu.

Duk ɗan Zonkwa da ya taɓa hawa Dutsen Kagoro, kusa da Kafanchan, ya san kogo ya wuce nan. A kan duwatsun nan da kogunansu kakannin mutanen Kagoro suka fake a ƙarni na 19, lokacin da mahara ke farautar bayi a kudancin Zazzau. Ga jigo kwance, amma alƙalumanmu na kewaye shi. Ina zargin dalilin shi ne, da yawa cikin maharan da harshenmu suke magana.